Jakadiya a Ƙofar Jakadanci

A gidanmu ba mai kirana da sunana na yanka. Jakadiya ake ce mini, ni da ko ƙofar fada ban taɓa leƙawa ba. Yayana ne ya laƙaba mini tun ina 'yar shekara tara, saboda ni ake aikawa tsakaninsa da Baba. "Je ki ce wa yayanki ya zo ya share shago." "Je ki ce wa Baba karatu nake yi." Da wasa aka fara, sai ga shi ya zama aikina na dindindin. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Yaya ya ajiye mabuɗin shagon Baba, ya tsallaka wata ƙasa aikin gini, kuma tun daga ranar muryar ɗayansu ba ta sake shiga kunnen ɗayan ba. Mama ta rasu kafin nan. Duk abin da zai tafi da duk abin da zai dawo, ta bakina yake bi.

Gara in faɗa tun yanzu, ni ba na kai saƙo yadda aka ba ni. Baba gyaran sikeli yake yi. In allurar sikeli ta karkace da kwatankwacin silin gashi ba ya barinsa ya fita daga shagonsa, ko mai shi zai yi birgima a ƙasa. Amma 'yarsa ta ƙware a ƙari da ragi. Baba zai ce, "Ki tambayi mai taurin kan nan ko har yanzu yana numfashi," ni kuma in ce wa Yaya, "Baba yana tambayar lafiyarka." Yaya zai ce, "Tsohon yana nan da rigimarsa?" sai in je shago in ce, "Yaya yana gaishe ka da kyau." Ban taɓa kiran wannan ƙarya ba. Gyara nake ce masa, har ma ina jin kaina.

Sau ɗaya tak na kai saƙo ban taɓa ko harafi ba. Bara ne, bayan Baba ya tashi daga wata jinya. Yana goge wani dutsen awo, bai ɗago kai ba ya ce, "Ki ce masa mabuɗinsa yana nan a jikin ƙusa." Na kira Yaya nan take na faɗa masa. Ya ce, "To, madalla," ya tambaye ni yara. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar.

Ran Litinin ina gaban allo, ina fama da 'yan aji uku a kan rabawa, wayata ta hau kaɗawa a cikin jaka ba ƙaƙƙautawa. Abokin ɗakin Yaya ne, wanda muke ce wa Mai Walda. Bai taɓa kirana da rana ba, don a wurin aikinsu karɓe waya ake yi.

"Ƙanwarmu, ki sami wuri ki zauna tukuna," in ji shi.

Ban zauna ba. A tsaye a bakin ƙofar aji na ji cewa Yaya ya faɗo daga hawa na uku ran Asabar, jini ya taru masa a ka, an yi masa aiki ɗaya bai farfaɗo ba. Akwai aiki na biyu, mai haɗari, kuma likitoci sun ce ba za su taɓa shi ba sai da sa hannun ɗan'uwa mafi kusa. Sun ajiye masa safiyar Alhamis. In aka wuce nan, sun ce ba su da tabbacin aikin zai yi amfani.

"Ai ni ce ƙanwarsa," na ce. "Turo takardar yanzu in sa hannu."

Ya ce, "Ba sunanki ya rubuta ba. A takardar kamfani, wurin wanda za a nema in wani abu ya faru, sunan Baba ya sa."

Ko a wannan hali sai da abin ya soke ni. Ni da nake ɗaukar wayarsa shekara goma sha ɗaya, ni da na san ranar da haƙorinsa ya yi ciwo.

"Kuma ba a karɓa haka kawai," ya ci gaba da sauri, ina jin ana ƙwala masa kira a can. "Sai ta biyo ta ofishin jakadanci, da hatiminsu. Zan turo miki wasiƙar asibitin. Ki je ofishin jakadanci, ƙanwarmu, kada ki yi wasa."

Ban tambaye shi wanne ba. Me zai sa in tambaya? A kaina ofishin jakadanci guda ɗaya ne: farin ginin nan mai doguwar katanga da tutar ƙasar da Yaya yake, inda mutane ke yin layi tun da sassafe neman biza. Na bar wa malamar aji biyu 'yan ajina, na buga wasiƙar a shagon kwafi, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba don da harshensu aka rubuta. Kafin in isa, mai gadi ya riga ya ja ƙofa. Sha biyu suke rufe wa jama'a.

Daga nan na wuce shagon Baba. Na same shi ya kwance wani sikelin mahauta, ya jera ƙananan ƙusoshinsa a murfin gwangwani.

"Yaya yana ɗan zazzaɓi," na ce. "Wurin aikinsu suna son wata takarda, zan kawo maka ka sa hannu."

"Zazzaɓi ne har da takarda?"

"Ka san ƙasashen nan da son takarda."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya koma kan aikinsa. Dabarata ita ce in karɓo fom, in ninke shi ta yadda layin sa hannu kawai zai gani. Na ce wa kaina zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba. Gaskiyar magana, ni ce ba zan iya faɗa ba.

Ran Talata kafin bakwai ina layi. Ni ce ta talatin da huɗu. Babu mai cewa ofishin jakadanci a layin nan, kowa embasi yake cewa, yana kuma rage murya kamar ginin yana da kunne. Na gabana ɗalibi ne, ya rungume fayil a ƙirji. Ta bayana zuwanta na huɗu ke nan, ta san wace taga ce mai fara'a, wace ce ba ta ɗaga kai. Ni na kasa tsayawa wuri ɗaya. In leƙa gaba, in dawo, in duba agogo, in ƙara sa'o'i biyu don in san ƙarfe nawa ne a ɗakin da Yaya yake kwance. Har matar ta ce, "Baiwar Allah, ko kin yi tsalle layin nan ba zai motsa ba."

A bakin ƙofa aka karɓi wayata aka sa a wani akwati, aka ba ni lamba. Sha ɗaya da kwata na isa taga. Saurayin da ke bayan gilashi bai bari na kai aya ba.

"Biza?"

"Ba biza ba. Yayana ne yake asibiti a ƙasarku, ana son..."

"Bizar duba marar lafiya, fom mai launin shuɗi."

"Na ce ba biza ba."

"In ba biza ba, ba nan ba ne. Lamba ta gaba."

Ban san na buga gilashin da tafin hannu ba sai da mai gadi ya taɓa kafaɗata. Na fito ina huci. A gindin katanga akwai wani mai cike wa mutane fom, yana zaune ƙarƙashin lema da biro huɗu a aljihu. Shi ya yafito ni. Na ba shi labari a taƙaice, ya riƙe wasiƙar yana gyaɗa kai kamar yana karantawa, ni kuwa na lura ko layi ɗaya idonsa bai bi ba.

"Malama, kin yi ɓatan kai. Jakadanci hawa-hawa ne. Wannan babba ne, na manya, shan shayi da ƙulla yarjejeniya. Matsalar talaka irin taki, ƙaramin ofishin jakadanci ake kai ta. Yana can bayan tashar jirgin ƙasa. Ɗaya suke rufewa, ki yi sauri."

Ya faɗa da irin tabbacin da ba ya barin tambaya. Na tare tasi, muka shiga cunkoso, na yi ta zungurin direba har ya ce ko in sauka in tura motar. Ɗaya da minti goma muka isa. Na tsaya ina kallon rufaffiyar ƙofa, gumi yana bin bayana. Na kira Mai Walda, waya a kashe. Da yamma ya turo saƙo: "Yana nan yadda yake. Kin je?" Na amsa: "Na je, gobe za a gama." Wannan ma gyara ne.

Ran Laraba ni ce ta biyu a layi. Ƙaramin ofishin bene ne tsakanin wani banki da shagon tabarau, da 'yar tuta da ta koɗe. Nan ma aka karɓi waya. A taga ta uku na sami wata dattijuwa, tabarau a rataye a wuya da zare, irin ma'aikatan da suka ga jakadu sun zo sun tafi suna nan. Ta karɓi wasiƙar ta karanta da gaske, daga sama har ƙasa, leɓenta yana motsi. Sai ta ajiye ta dube ni.

"'Yata, wa ya ce ki zo nan?"

"An ce mini ofishin jakadanci."

"Na wa?"

"Ban gane ba, Inna."

"Jakada mutum ne da aka aika," ta ce a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji uku. "Wanda yake gidan nan, wa ya aiko shi?"

"Ƙasarsu."

"Yayanki ɗan ƙasarsu ne?"

"A'a."

"To shi wannan mutanensa aka aiko shi ya tsare a nan. Namu jakadan yana can, a garin da yayanki yake kwance. Shi aka aika saboda irin yayanki. Ga shi nan a rubuce, layi na huɗu: ofishin jakadancin ƙasar marar lafiya. Ƙofarsa ta nan gida ita ce ma'aikatar harkokin waje, hawa na huɗu. Su za su buga hatimi su aika masa, shi kuma ya tura mutum asibiti. Biyu suke daina karɓar takarda."

Shekara talatin ana kirana Jakadiya, ban taɓa zama na tambayi kaina ko jakadan wa ba. Kwana biyu na ƙone a ƙofar da ba tamu ba. Kunya ta kama ni har na ji ta a tafin ƙafa.

"Na gode, Inna. To zan karɓo fom ɗin in kai wa mahaifinmu gida ya sa hannu."

"Ba a yin haka. Da ƙafarsa zai je, a karanta masa, ya ce ya fahimta."

"Tsoho ne. Ban gaya masa duka ba. Na ɗan rage masa."

Ta cire tabarau ta sake shi a ƙirji. "Shekara ashirin da shida ina wannan taga. In an ba mu takarda mu kai, ko waƙafi ba ma taɓawa, ko da abin da ke ciki zai sa mutum kuka. Ba don ba mu da tausayi ba ne. In aka taɓa kama mu mun gyara ɗaya, gobe ko gaskiya muka kawo ba mai karɓa." Ta turo mini wasiƙar ta ƙarƙashin gilashi. "Je ki, lokaci yana tafiya."

Da na karɓi wayata a ƙofa, na tarar da kiran Mai Walda har tara. Ya ƙi zuwa aiki, yana asibiti. Ina cikin tasi na kira shi, na sauke masa duk abin da na kwaso.

"Me ya hana ka ce namu? Ofishin jakadanci, ofishin jakadanci, sai ka ce guda ɗaya ne a duniya."

"Ƙanwarmu, ki yi haƙuri. Mu a nan in muka ce ofishin jakadanci, ai na gida muke nufi. Wanne kuma muke da shi?"

Gaskiyarsa ce. Shi daga inda yake tsaye guda ɗaya yake gani, ni ma daga inda nake haka.

"Baba ya sani?" ya tambaya.

"Yanzu zan gaya masa."

"Ki gaya masa. Yayanki ba abin da yake so kamar ya ji daga bakin tsohon nan. Kin tuna bara, maganar mabuɗi? Ya ba ni labari. Ya yi dariya ya ce, Jakadiya ce da zaƙin bakinta, Baba ba zai taɓa faɗin haka ba. Amma ranar ko abinci bai ci ba."

Direban ya leƙo ni ta madubi, ya rage rediyo. Ban yi kuka ba, ba ni da lokacinsa. Sai dai na riƙe wasiƙar da ƙarfi har ta yamutse. Saƙo ɗaya na kai da gaskiya a shekara goma sha ɗaya, kuma shi ne Yaya bai gaskata ba, ni na jawo.

Sha biyu saura na shiga shago. Baba ya haɗa sikelin mahautan, yana gwada shi da duwatsu, ya ɗora na kilo ɗaya ya sunkuya yana kallon allura.

"Baba, ajiye wannan."

Bai ajiye ba, amma ya juyo. Na faɗa masa a jere yadda aka faɗa mini: hawa na uku, ran Asabar, jini a ka, bai farfaɗo ba, aiki na biyu gobe da safe, yana iya tashi yana iya ƙin tashi. Ban sa "ɗan" a gaban komai ba. Bakina ya yi ta neman inda zai sassauta, na hana shi.

"Zazzaɓin ke nan," in ji Baba.

"Ƙarya na yi maka."

Ya ajiye dutsen a hankali. Ya dafa tebur.

"Kuma sa hannunka suke jira," na ce. "Da aka ce ya rubuta wanda za a nema in wani abu ya same shi, sunanka ya rubuta."

Ya dube ni. "Wannan ma gyaranki ne?"

Ashe ya sani. Ashe duk shekarun nan yana karɓar gaisuwar da nake kawo masa yana auna ta a ransa, yana ganin ba ta cika ba, bai taɓa cewa komai ba. Ba ni da abin rantsuwa da zai karɓa. Na miƙe wasiƙar a kan tebur na nuna masa da yatsa. Harshen baƙo ne gare mu duka, amma suna ba ya canza harshe. Ga shi nan a tsakiyar layi, sunansa da na mahaifinsa, har da harafin da kowa ke kuskurewa an rubuta shi daidai.

Baba ya gyara tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Sai ya ɗauki hularsa, ya kashe fanka, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya zare mabuɗin da ke jikin ƙusa ya jefa a aljihu. Da nasa ya kulle shagon.

Muka tare tasi. Ni ce nake ta duba agogo, ina lissafin fitilun kan titi. A ma'aikatar muka tarar lif ba ya aiki. Na ce ya jira a ƙasa in roƙi a sauko masa, ya wuce ni ya kama ƙarfen matakala. A hawa na biyu ya tsaya yana haki, na kama gwiwar hannunsa, ya ƙyale ni na riƙe. Ɗaya da rabi muka shiga ofishin.

Jami'in bai ɓata lokaci ba. Ya duba katin shaidar Baba, ya fassara masa wasiƙar layi-layi, har da inda aka ce aikin yana iya zama ajali. Ya tambaya, "Baba, ka fahimta?"

"Na fahimta."

"Mene ne dangantakarka da marar lafiyan?"

"Ɗana ne."

Shekara goma sha ɗaya ban ji kalmar nan a bakinsa ba. Ya sa hannu a hankali, yadda yake rubuta wa masu sikeli rasit. Aka buga hatimi biyu saura kwata. Jami'in ya ce zai aika yanzu, kuma akwai ma'aikaci a ofishin jakadancinmu na can da zai kai asibiti da kansa kafin su tashi.

Muna fitowa baranda Mai Walda ya kira. Lokacin ziyara ya yi a can. Na gaya masa an gama, na ji ya sauke numfashi.

"Ina kusa da shi," ya ce. "Nas ta ce in an yi wa masu dogon suma magana, wani lokaci suna ji. In kanga masa wayar a kunne?"

"Kanga masa." Na rufe bakin wayar da hannu na juya. Sabo ne, ban ma yi tunani ba. "Baba, me zan ce masa?"

Baba ya miƙo hannu. "Kawo."

Bai iya riƙe irin wannan waya ba, sai da na juya masa ita. Ya manna ta a kunne da hannu biyu, ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Kai, mai taurin kai," ya ce. "Ni ne. Ba aike ba ne, ni ne da bakina." Ya saki hannu ɗaya ya lalubi aljihu, na ji ƙarar ƙarfe. "Mabuɗinka yana hannuna. Maganar da yarinyar nan ta gaya maka bara, ni na faɗa."

Na ja da baya, na bi baranda har ƙarshenta inda taga take, na tsaya ina kallon motoci a ƙasa. Daga nan ina jin muryarsa amma ba na jin abin da yake faɗa. Ban matsa kusa ba, don ba ni aka aika ba.